Yadda za ka girka sabuwar sabufa a falonka har ta zauna daidai

Ranar da ƙanena ya dawo daga Kano da kwalin sabufa, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya fito da ita, ya tura ta lungun falo kusa da kabad ɗin matarsa, ya murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe. Bayan magariba sai ga wayarsa: "Yaya, don Allah ka zo ka ji, ina jin jabu aka sayar mini." Na hau babur na tafi Garin Malam. Da na zauna a kujerarsa da ke tsakiyar falon, kamar babu sabufa a ɗakin. Da na tashi na jingina da bango, sai na ji ƙirjina yana rawa, kwanuka da tangaran na cikin kabad suna ta kaɗawa, maƙwabci ma har ya aiko yaro. Akwatin lafiyarsa ƙalau. Awa biyu muka yi a daren nan, ba mu sayi komai ba sai doguwar waya, sautin ya gyaru. Abin da muka yi shi zan jero a nan, tare da dalilin kowane mataki, domin wanda ya san dalili ba ya ruɗewa idan falonsa ya bambanta da na wani.

Sabufa, wadda wasu ke kira akwatin bas, aikinta ɗaya ne: fitar da sautin da ya fi kowane kauri. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz shi ne yawan bugun sauti a daƙiƙa ɗaya), ita kuwa sabufa tana riƙe da ƙasan nan ne kawai, daga wajen 20 zuwa 120. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan sallah ya san bambancin algaita da tambari. Algaita kunne ke jin ta, kuma ka san daga inda take fitowa. Tambari kuwa har cikinka yake ratsawa. Sabufa ita ce tambarin ɗakin kallo, kuma idan an saita ta da kyau, baƙo ba zai iya nuna inda take da yatsa ba.

Kafin ka jona ta da kuran

Juya ta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Kuran ɗinmu na Nijar mai ƙarfin volt 220 ne, mai bugu 50 a daƙiƙa. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na 120 ne, kuma jona su kai tsaye yana ƙona su cikin ƙiftawar ido. Wasu suna da ɗan maɓalli a baya mai zaɓi tsakanin 115 da 230. Tabbatar yana kan 230. Idan kan wayar mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, piriz ɗinka kuma mai rami zagayayye, kada ka dogara da adafta mai lilo da ke tartsatsi. Kira mai gyaran wuta ya sa maka piriz da ta dace. Ka sa regilato tsakaninta da bango, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da sabufa da ampili, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta raba wa sifikoki, ke ja gaba ɗaya. Masu sola kuma su duba inbata ɗinsu: mai arha da ke fitar da wuta mai gargada yakan sa sabufa gurnani da zafi, mai tsabtatacciyar wuta shi ne daidai.

Jonawa ba ta da wuya. A bayan ampili akwai baki ɗaya da aka rubuta wa Sub Out ko Subwoofer Pre Out. Waya guda mai kan RCA za ta tashi daga nan zuwa bakin da aka rubuta wa LFE a bayan sabufa. Idan babu LFE, sai L da R kawai, sa ta a L ya wadatar. Kashe komai kafin ka jona.

Sai maɓallan baya, waɗanda yawanci uku ne. Na ƙarfi, mai Volume ko Gain, ka tsayar da shi a tsakiya ko ƙasa da haka kaɗan. Na biyu shi ne mai Crossover ko Low Pass, wanda nake kira mararraba, domin nan ne hanyar sauti ke rabuwa: mai kauri ya nufi sabufa, siriri ya nufi sauran sifikoki. Murɗa shi har lamba mafi girma, ko ka sa shi a LFE idan akwai, saboda ampili ne zai yi rabon, kuma ba a son masu rabo biyu a kan tukunya ɗaya. Na uku mai Phase, ka bar shi a 0 tukuna.

Wurin ajiye ta, inda yawancin aikin yake

Mutane suna kashe kuɗi a kan akwati, suna mantawa da cewa ɗakin ma yana cikin kayan kiɗan. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa. Igiyar sautin 80 Hz tsawonta ya haura mita 4, ta 40 Hz ta kai mita 8 da rabi, ta 20 Hz kuwa mita 17 ce. Falon yawancinmu bai wuce mita 4 ko 5 ba. Saboda haka igiyar takan bugi bango ta dawo ta haɗu da ƴar'uwarta da ke tahowa. A wani wurin su haɗa ƙarfi, bas ya yi yawa har ya dami kai. A wani wurin su kashe juna, ka ji shiru.

Kana iya lissafa inda ɗakinka zai yi gardama. Raba 343 da ninkin tsawon bangon. Falo mai mita 5 zai kumbura sauti a wajen 34 Hz, faɗin mita 4 a wajen 43, tsayin mita 3 a wajen 57. A waɗannan sautuka, jikin bango ne bas ke taruwa, tsakiyar ɗaki kuma nan yake ɓacewa. Abin da ya sami ƙanena ke nan. Kuma ka lura da yadda muke jera kujeru a Zinder: duk a jikin bango, yara da samari kuma a kan darduma a tsakiya. Manya suna cewa a rage, yara suna cewa a ƙara, kuma dukansu gaskiya suke faɗi. Ɗaki mai kusurwa huɗu daidai, kamar mita 4 da 4, shi ya fi wahala, domin tsawo da faɗi suna kumbura sauti ɗaya.

Kada wani ya ce maka labule da kafet za su magance wannan. Suna shanye siririn sauti da amsa-kuwwa, amma bas yana ratsa su kamar babu. Bangon siminti da tayil a ƙasa suna mayar da shi kusan duka, haka ma kaurin bangon laka na tsofaffin gidajen Birni. Maganin farko shi ne sauya wuri.

Ga dabarar da na fi yarda da ita, ko da yake mutanen gida za su yi mamakinka. Ɗauki sabufa ka ɗora ta a kan kujerar da ka fi zama, ta yadda bakinta zai yi daidai da inda kunnenka yake. Nan ne za ka buƙaci doguwar waya, mita 5 ko fiye. Kunna kiɗan da ka sani sarai, mai bas da ke hawa da sauka, ka sa shi ya yi ta maimaita kansa. Sai ka durƙusa ka yi rarrafe a gefen bango, kanka kusa da ƙasa, kana tsayawa a duk inda za a iya ajiye akwati: dama da tele, hagu da tele, lungu, gefen doguwar kujera. Sauti yana bin hanya ɗaya ce zuwa da dawowa, don haka abin da ka ji a wurin da ka durƙusa shi za ka ji a kujera idan ka ajiye sabufa a nan.

Abin da kake nema a rarrafen nan shi mutane ke kuskurewa. Ba wurin da ya fi ƙara kake so ba. Wurin da kowane bugu ya fito da kansa, babu wanda ya danne wani, babu wanda ya nutse, shi ne naka. A wani wuri za ka ji duk kiɗan ya koma "bum, bum" guda ɗaya ko da makaɗin ya canza hannu, wuce shi. Yi alama da alli a wuri biyu ko uku, sannan ka gwada su ɗaya bayan ɗaya kana zaune a kujera.

Lungu yana ƙara ƙarfi sosai, kuma ga ƙaramar sabufa a babban falo taimako ne. Amma yana tayar da duk gardamar ɗakin a lokaci ɗaya. Idan dole sai lungu, janyo ta taƙi ɗaya ko biyu daga bango ka sake saurare. Wani lokacin santimita 30 kawai ke raba gurnani da sauti mai daɗi. Mai rami a baya tana son a bar mata fili ta yi numfashi. Kada ka cusa ta cikin kabad ko ƙarƙashin teburin tele mai rufi. Idan kuma kujerarka tana tsakiyar ɗaki cif, matsar da ita gaba ko baya kamar rabin mita. A gidan ƙanena wurin da ya yi kyau shi ne bangon gaba, wajen mita ɗaya daga lungun hagu, inda da can tulun ruwa yake.

Saitin cikin ampili

Shiga wurin saitin sifikoki, ka tabbatar an nuna akwai sabufa. Sannan ka sa duk sifikoki a Small, har da manyan nan masu tsayi. Na san wannan yana yi wa mai kaya zafi, ya sayi dogayen sifikoki a ce masa ƙanana ne. Kalmar ba girman akwati take nufi ba. Ma'anarta a ɗauke musu nauyin bas a miƙa wa wadda aka ƙera don shi, su kuma su sami sarari su fitar da murya fes, ampili ma ya rage zafi.

Mararraba ka fara da 80 Hz, wanda shi ne ma'aunin da kamfanin THX ya ba da shawara, kuma yawancin ampili da shi suke zuwa. Dalilinsa shi ne ƙasa da nan kunne yana wahalar gane inda sauti ke fitowa. Idan sifikokinka ƴan ƙanana ne kamar ƙoƙo, ba za su iya sauka har 80 ba, sai ka ɗaga zuwa 100 ko 120. A wannan halin ka ajiye sabufa a gaba kusa da tele, in ba haka ba za ka ji rabin muryar namiji tana fitowa daga bayanka. Akwai wani saitin daban mai suna LPF for LFE. Wannan ka bar shi a 120, domin layin bas na musamman da ke cikin fim, wato ɗayan nan da ke cikin 5.1, tsarin sifikoki biyar da sabufa ɗaya, iyakarsa ke nan.

Yawancin ampili na yanzu suna zuwa da ƙaramin makirfo na awo. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC, Onkyo na da AccuEQ. Sunaye ne daban, aikin kusan ɗaya: ampili ya fitar da sautin gwaji, makirfo ya ji, a lissafa nisa da ƙarfi. Amma awon yana son shiru na gaske, shiru kuwa da rana ba ya samuwa a garin nan, tsakanin kabu-kabu da masu talla da kukan awaki. Jira bayan isha'i, ko ka yi da sassafe bayan asuba. Kashe panka da na'urar sanyaya ɗaki, ko da a watan Afrilu ne. Minti goma na gumi ba zai kashe ka ba, iskar panka kuwa tana ɓata awon bas gaba ɗaya. Idan da gurup ake aiki, bari sai kuran ya dawo. Ƙofa da taga ka bar su yadda suke zama lokacin da kake kallo, domin buɗaɗɗiyar ƙofa tana canza bas ɗin ɗaki.

Makirfo ya kalli sama, a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku in kana da shi, a daidai tsayin kunne. Kada ka riƙe shi a hannu, kada ka ɗora shi kan matashi. Idan a ƙasa kake kishingiɗa ka yi kallo, to a wannan tsayin za ka auna, ba a tsayin kujerar da ba ka zama ba. Awon farko a wurin zamanka, sauran kuma a kewayensa, rabin mita zuwa kowane gefe.

Idan ya gama, kada ka karɓa ido rufe. Duba abu uku. Idan ya mayar da wata sifika Large, dawo da ita Small. Idan ya sa mararraba a 40 ko 60, ɗaga ta zuwa 80 babu laifi; abin da ba a yi shi ne a sauke ta ƙasa da abin da ya auna. Sannan ka duba lambar ƙarfin sabufa. A ampili da yawa iyakar ita ce 12 sama da 12 ƙasa. Idan ka ga -12, yana gaya maka ya rage har ya ƙure bai isa ba, sai ka rage maɓallin baya ka sake awo. Idan ka ga ya haura sama sosai, ƙara maɓallin. Tsakanin -6 da 0 wuri ne mai kyau.

Nisan sabufa kuwa sau da yawa zai fito ya fi abin da igiyar awo ta nuna, mita 3 ta zama 4 da wani abu. Kada ka gyara. Na'urar cikinta tana ɗan jinkirta sauti, kuma jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa daidai yake da santimita 34. Ampili yana lissafa wannan ne don bugun ya iso tare da na sauran sifikoki.

Wanda ampilinsa ba shi da makirfo sai ya yi da hannu. Auna nisan kowace sifika da igiyar awo ka shigar. Kunna sautin gwaji, mai "shuuu" kamar ruwan sama a kan kwano, ka daidaita kowace sifika ta nuna desibel 75, wato ma'aunin ƙara, a wurin zama. Manhajar awon ƙara ta waya za ta taimaka a kan sifikoki, amma makirfon waya ba ya jin bas da kyau, saboda haka a kan sabufa ka haɗa da kunnenka. Mai son ya shiga abin sosai, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna REW, da makirfon UMIK-1 na miniDSP, waɗanda za su zana maka tudu da kwarin ɗakinka ka gani da ido.

Daidaita taku

Wannan matakin mutum biyu yake so. A wajen mararraba, sabufa da sifikokin gaba suna fitar da sauti ɗaya tare. Idan ɗaya tana turawa ɗaya na ja, sai su kashe juna, kamar mata biyu a turmi ɗaya da taɓarensu suka sauka ba bisa tsari ba. Nemo sautin gwaji na 80 Hz, ka zauna a kujera, wani ya tsaya a bayan sabufa yana sauya maɓallin Phase tsakanin 0 da 180. Wanda ya fi cika kunne shi ne daidai. Idan maɓallin na murɗawa ne, a juya a hankali har ka ce tsaya. Idan ba ka ji bambanci ba, bar shi a 0. Wanda ya yi awo da makirfo yawanci an riga an yi masa wannan ta hanyar nisa, gwaji ne kawai na tabbatarwa.

Masu dogon sandan sauti na ƙarƙashin tele mai sabufa marar waya ba su da waɗannan saituna duka, amma rarrafe da rage ƙarfi suna yi musu aiki, kuma su ajiye ta a gaba. Wanda kuma ampilinsa na kiɗa ne kawai, babu rabon bas a ciki, shi ne zai yi amfani da mararrabar bayan sabufa: ya fara daga ƙasa yana ɗagawa har ramin da ke tsakaninta da sifikoki ya cike.

Yanzu sai kunne. Sa labarai, ka saurari muryar namiji. Idan ta yi kamar daga cikin randa yake magana, bas ya yi yawa. Sa kiɗan da ka sani, ka kashe sabufa ka kunna: kashe ta ya kamata ya sa ka ji an cire wa kiɗan ƙasa, kunna ta kuma kada ya ja hankalinka zuwa lungu. Bayan awo mutane da yawa suna ganin bas ya yi kaɗan, saboda sun saba da gurnani, kuma kunne ba ya jin bas sosai idan ƙara tana ƙasa. Ba shi kwana uku. Idan har yanzu kana so, ƙara desibel 2 ko 3 a cikin ampili, ba a maɓallin baya ba, don ka san inda za ka koma. Maɓallin bayan kuwa ka manna masa salatif, domin hannun yara ba ya wuce abin murɗawa.

Gurnani, kaɗawa, ƙura

Idan kana jin "mmmm" ko babu abin da ke kunne, cire wayar RCA daga sabufa. Idan ya tsaya, matsalar daga haɗin na'urori ne, kuma sau da yawa wayar tauraron da ke shiga dikoda ce; cire ta ka gani. Jona komai a piriz ɗaya yakan magance shi. Kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani, ita ce ke tsare ka daga jan wuta.

Kaɗawa kuwa farauta ce. Kunna sautin da ke hawa a hankali daga 30 zuwa 120 Hz, ka bi ɗaki da kunne. Za ka kama ƙofar ƙarfe, gilashin taga, silin, agogon bango, kwanon rufi da ƙusarsa ta saki. A gidan ƙanena matarsa ce ta shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin kowane jeren kwano, ta raba tangaran da ke taɓa juna, kabad ya yi shiru. Idan kuma daga sabufar kanta ka ji "ƙwas" lokacin fashewa a fim, ko iska na huci daga raminta, ta kai iyakarta ne, rage nan take.

Bayanta yana zafi, don haka kada ka manna ta da bango ko ka lulluɓe ta tana kunne. Da hunturu ka rufe ta da zane idan an kashe, ka goge da busasshen tsumma. Ɗaga ta kan ƙafafun roba saboda ruwan goge ɗaki, domin katakon yana kumbura idan ya jiƙe. Da damina, in hadari ya haɗo, cire ta daga bango gaba ɗaya tare da wayar tauraro.

Saura maƙwabci. Bas yana ratsa katanga fiye da kowane sauti, kuma da bazara mutane a tsakar gida suke kwana. Washegari na ce wa ƙanena ya kunna fim yadda ya saba, mu fita mu tsaya a bayan katangarsa mu ji abin da maƙwabcin ke ji. Da muka dawo ya nemo saitin dare a ampili, ya rage sabufa desibel 6, ya ajiye shi a maɓalli ɗaya na rimot wanda yake dannawa da zarar an idar da isha'i.